Abu Zaidu Al-Balkhi: Malamin Da Ya Nema Wa Ciwon Zuciya Magani

Duk wanda ya ɗan zauna gaban malaman zaure a ƙasar Hausa ya ji sunan Gazali, ya ji na Ibn Sina, wataƙila ma har da na Razi. Amma da wuya ka tarar da wanda zai ce maka ya taɓa jin sunan Abu Zaidu Ahmad ɗan Sahlu Al-Balkhi, alhali kuwa wannan bawan Allah ya rubuta littafi fiye da shekara dubu da ta wuce a kan cutar da a yau take cinye mana 'ya'ya, wato ciwon da yake kama tunanin mutum ya bar jikinsa yana yawo a gari kamar lafiyayye. Na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihinsa, domin a ganina akwai darasi a cikinsa ga iyaye da malamai da 'yan kasuwar Kano, musamman a wannan zamani da kusan kowace unguwa take da yaron da ƙwaya ta kayar, kuma kusan kowane gida ya rasa yadda zai yi da nasa.

An haifi Abu Zaidu wajen shekarar 850 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 235 bayan Hijira, a wani ƙauye da ake kira Shamistiyan kusa da birnin Balkh, a yankin Khurasan. A yau kufan Balkh yana arewacin Afganistan, kusa da birnin Mazari Sharif, amma a wancan zamani gari ne na fatake da malamai, mahaɗar ayarin da ke fitowa daga Indiya da Sin zuwa ƙasashen yamma, har Larabawa suna yi masa kirari da uwar garuruwa. Idan mai karatu yana son ya gane irin garin, to ya tuna Kano ta zamanin da raƙuma ke sauke kaya a Kurmi. Mahaifinsa mutumin Sijistan ne, kuma malamin yara ne, ba attajiri ba, ba basarake ba. Ke nan Abu Zaidu ya tashi ne a gidan da babu gadon komai sai allo da tawada.

Tun yana saurayi ya bi ayarin mahajjata, a ƙafa, ya nufi Iraƙi neman ilimi. Shekara takwas ya yi a can yana bin malamai, ya karanci ilimin addini da harshe da falsafa da ilimin taurari da likitanci. Babban malaminsa shi ne Yakubu ɗan Ishaƙa Al-Kindi, wanda ake yi wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa. Abin lura a nan shi ne, shi kansa Al-Kindi yana da wata 'yar risala a kan dabarun kawar da baƙin ciki, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan almajirin ya ɗauki irin shukar daga wurin malaminsa, ya kai ta gida ta yi yabanya. Masu tarihi sun ambata cewa a shekarun nan na Iraƙi saurayin ya shiga ruɗani a kan aƙida, ya leƙa wannan mazhaba ya leƙa waccan, kafin daga bisani hankalinsa ya kwanta a wuri guda. Ina ganin wanda ya taɓa kwana da tunani yana sassaƙar zuciyarsa haka, shi ya fi cancanta ya yi wa mutane bayanin waswasi.

Da ya komo Balkh sai ya gaji mahaifinsa, ya zama malamin makaranta. Yaƙutu Al-Hamawi, wanda ya tattara tarihin marubuta, ya siffanta shi da cewa siririn mutum ne, baƙi-baƙi, mai tabon agana a fuska, mai yawan shiru da zurfin tunani. Amma idan ya ɗauki alƙalami sai a ga wani mutum daban, har mutanen zamaninsa suka riƙa kiransa Jahizun Khurasan, suna kwatanta shi da shahararren marubucin nan na Basra. Ibn Nadim ya lissafa masa littattafai fiye da arba'in a cikin Fihrist, wasu kuma suka kai su kusan sittin, a fannonin tsarin ayoyin Alƙur'ani da siyasa da ɗabi'u da lissafi da harshe. Littafinsa na taswirar ƙasashe, Suwarul Aƙalim, shi ne ya zama tushen da Istakhri da Ibn Hauƙal da Muƙaddasi suka yi gini a kai, kuma har gobe masana labarin ƙasa suna kiran wannan tsari da sunan makarantar Balkhi.

Alƙalamin nan da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya jawo masa asara. An ruwaito cewa akwai manyan mutane da suke yi masa alheri a kai a kai, amma da ya rubuta littattafan da suka saɓa wa ra'ayinsu sai suka janye hannu. Bai sauya abin da ya rubuta ba, bai kuma bi su da bara ba.

Wajen shekarar 918 wani kwamanda mai suna Ahmad ɗan Sahlu Al-Marwazi, wanda sunansa ya yi daidai da nasa, ya karɓi mulkin Balkh. Ya yi wa Abu Zaidu tayin waziranci, malamin ya ƙi, ya ce ya yarda da aikin magatakarda. Sai aka ba abokinsa Abul Ƙasim Al-Ka'abi, malamin ilimin kalami, kujerar waziri. An ce albashin waziri dirhami dubu ne a wata, na magatakarda kuwa ɗari biyar, sai Al-Ka'abi ya umarci ma'aji da ya riƙa cire ɗari daga nasa yana ƙara wa abokinsa. Mulkin bai daɗe ba, domin cikin shekara ɗaya ko biyu Samaniyawa masu mulkin Bukhara suka kama Al-Marwazi, ya mutu a tsare. Abu Zaidu ya tattara takardunsa ya koma ƙauyensu, inda ya mallaki gona, ya ci gaba da karatu da rubutu. Masu iya magana kan ce kowa ya daka ta badaɗe, kuma wanda ya san iyakarsa ya huta. Da ya karɓi rawanin waziri, Allah kaɗai Ya san ko da ya tsira da ransa, balle littattafansa.

Littafin da ya sa nake wannan rubutu shi ne Masalihul Abdani wal Anfus, wato abubuwan da ke gyara jikuna da rayuka. Ya kasa shi gida biyu. Kashi na farko babi 14 ne a kan lafiyar jiki: muhalli da iska da ruwa da abinci da abin sha da barci da wanka da motsa jiki da sauransu. Kashi na biyu babi 8 ne a kan lafiyar rai. A nan ne ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun mayar da hankali kacokan a kan jiki, sun manta cewa ɗan Adam jiki ne da rai, kuma kowanne yana iya kwantar da ɗan'uwansa. Ya lura da cewa mutum yana iya yin shekaru bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya rana ta fito ta faɗi bai ji wani abu na fushi ko fargaba ko ɓacin rai ba. Don haka, a ganinsa, buƙatar kula da rai ta ma fi yawa.

Ya ɗauki damuwa a matsayin uwar cututtukan rai, kamar yadda zazzaɓi yake raka cututtukan jiki da yawa. Daga nan ya ware manyan matsaloli huɗu: fushi, da tsoro har zuwa firgici, da baƙin ciki har zuwa yanke ƙauna, sai waswasi, wato zancen zuci mai naci da yake hana mutum sakat. Kowanne ya bayyana alamunsa, ya kuma faɗi yadda za a tunkare shi ta hanya biyu. Ta waje ita ce nasihar mutumin da mai ciwon ya amince da hankalinsa da ƙaunarsa, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani a kan wadda ya gaya wa kansa, kuma wanda ciwo ya rufe wa ido ba ya ganin hanya sai an nuna masa. Ta ciki kuwa ita ce tunanin da mutum zai koya wa kansa domin ya karya mugun tunani da shi.

A nan ne ya kawo shawarar da ta fi burge ni. Ya ce kamar yadda mai hankali yake ajiye magani a gida tun yana da lafiya saboda ranar da ciwo zai zo ba zato, haka ya kamata mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin da hankalinsa yake kwance, ya maimaita su har su zauna, domin ranar da fushi ko tsoro ya taso ya same su a kusa. Dalili kuwa a fili yake: wanda wuta ta kama gidansa ba ya da lokacin haƙa rijiya. Kowane Bahaushe ya san wannan a harkar hatsi, da kaka ake cika rumbu. Abu Zaidu ya ce zuciya ma tana da nata rumbun.

A babin tsoro ya yi misali da hazo. Idan ka hango shi daga nesa sai ka zaci bango ne da ba ya ratsuwa, amma da ka shiga ciki sai ka tarar iska ce kawai, kana numfashi kana ganin gabanka. Haka yawancin abin da mutum ke tsoro yake, hasashensa ya fi shi kansa muni. Ya kuma nuna cewa sabo yana kashe tsoro: matuƙin jirgin ruwa ya saba da igiyar ruwa, likita ya saba da ganin rauni, doki mai firgita kuma ana matsar da shi kusa da abin da yake gudu sannu a hankali har ya daina zabura. A babin baƙin ciki ya bambanta wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko karayar arziki, da wanda yake saukar wa mutum haka kawai ba tare da wani sanadi ba. Na farkon ana magance shi da nasiha da gyaran tunani, na biyun kuwa ya ce tushensa a jiki yake, don haka sai an haɗa da maganin likita. Ga mai waswasi kuma ya yi gargaɗi a kan abu biyu, kaɗaici da zaman banza, domin zuciyar da ba a ba ta aiki ba ita take nema wa kanta, kuma ba ta cika nemo na alheri ba.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa mutumin da ya rubuta wannan malamin Alƙur'ani ne, mai riƙo da addini, kuma bai ga wani saɓani tsakanin tawakkali da neman magani ba. Bai ce mai baƙin ciki raunin imani gare shi ba, bai ce mai waswasi a ɗaure shi ba. Ya ɗauke su a matsayin marasa lafiya da ke buƙatar mai jinya. Wannan fahimta ta haɗa gyaran addini da na jiki ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin Malam Abdullahi na Gwandu ma yana da littafi mai suna Masalihul Insan a kan abin da ya shafi addini da jikin ɗan Adam.

Akwai wani labari da ake bayarwa a kansa wanda yake ƙara mini ƙaunarsa. An ce sarkin Bukhara ya aika masa ya zo fada, ya kama hanya har bakin kogin Jaihun, wanda a yau ake kira Amu Darya. Da ya ga faɗin kogin, ya ji rurin ruwan, sai ya aika wa sarki da uzuri ya juya gida. Wasu na ganin tsoro ne, wasu na ganin dabara ce ta guje wa fada, kamar yadda ya guje wa waziranci. Ko ma wanne ne, labarin yana nuna mana cewa mai babin tsoro shi ma mutum ne mai zuciya irin ta kowa. Ya rasu a ƙauyensu a shekarar 934, wato 322 bayan Hijira, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Bayan rasuwarsa yawancin littattafansa suka salwanta, birnin Balkh ma Mongol suka rusa shi a 1220. Amma Allah Ya tsare wannan littafi a cikin tarin rubuce-rubucen Aya Sofiya da ke Istanbul. A 1984 Farfesa Fu'ad Sezgin ya buga hoton rubutun hannun a Frankfurt ta Jamus. A 2013 kuma Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan wanda ya rasu a 2021, ya fassara kashin rai zuwa Turanci, ya nuna wa duniya cewa abin da ke ciki ya yi kama ƙwarai da hanyar jinyar da likitoci ke taƙaita sunanta da CBT, wato jinya ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a. A 2015 Dakta Rania Awaad ta Jami'ar Stanford da abokiyar aikinta suka gwada bayaninsa na waswasi da ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi a yau, suka tarar sun dace a mafi yawan wurare.

Ita wannan hanya ta zamani, Dakta Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ne ya kafa ta a shekarun 1960, bayan Albert Ellis ya share fage a shekarun 1950. Beck ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna da wasu tunani da ke faɗo musu da kansu, irin su ni ba ni da amfani, ko ba zan taɓa gyaruwa ba, kuma idan aka koya musu kama tunanin, su auna shi da hujja, su sauya shi, sai ciwon ya yi sauƙi. Ba ina cewa Beck ya kwafi Abu Zaidu ba ne. Kowannensu ya kalli zuciyar ɗan Adam da idon basira ya ga abu guda. Fifikon na zamani shi ne an gwada hanyar a kan dubban marasa lafiya, an ƙididdige sakamakon. Haka kuma babu babin shaye-shaye a cikin babi takwas na Abu Zaidu. Waɗanda suka ɗora hanyar a kan masu shaye-shaye su ne irin su Alan Marlatt, wanda a 1985 ya fitar da tsarin hana komawa ruwa bayan an tuba.

To, yanzu mu dawo gida. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka yi binciken, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari, wato mutum sama da miliyan ɗaya. A 2018, bayan rahoton BBC a kan maganin tari mai kodin, Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi. A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye, domin a mayar da masu sari sabuwar kasuwar Dangwauro. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, amma aikinsu toshe hanyar kwalba ne. Babu wanda ya taɓa dalilin da ya sa hannu yake miƙawa ga kwalbar.

Ina yawan bi ta Kasuwar Singa, can tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda ake sarin sukari da fulawa da shinkafa da taliya da man girki zuwa sassan Arewa har da maƙwabtan ƙasashe. Duk wanda ya tsaya ya kalli yadda ake sauke tirela a nan zai san cewa arzikin kasuwar a kan wuyan 'yan dako da masu tura kura yake tafiya. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halal da guminsu. Amma mu ɗauki misalin saurayi guda a cikinsu, wanda tun safe yake ɗaukar buhu mai kilo 50, kuma kuɗinsa gwargwadon yawan abin da ya sauke. Wata rana bayansa ya riƙe, wani abokin aiki ya miƙa masa tiramol, ya sha ya ji garau, ya yi aikin mutum biyu. Bayan wata shida ga abin da yake faɗo masa kowace asuba: idan ban sha ba, ba zan iya ɗaga ko buhu ɗaya ba. Da yamma kuma, idan maigida ya daka masa tsawa a gaban mutane, sai wani tunanin ya zo: ni dama ba kowa ba ne, bari in sha in manta.

Waɗannan jimloli biyu su ne sarƙar da ta ɗaure shi, tun kafin wani ya sa masa mari. Aikin mai jinyar tunani, a cikin zama 12 zuwa 16 kamar yadda aka saba tsarawa, shi ne ya zauna da shi su bi sawun abin daki-daki: wane lokaci jarabar take tasowa, a wane wuri, tare da wa, bayan wane irin ɓacin rai. Sannan su ɗora tunanin a kan sikeli. Shekara nawa ka yi kana dako kafin ka san ƙwaya? Wa ya ɗauki buhunan wancan lokaci? Nawa kake samu a rana, nawa mai ƙwaya yake karɓewa? Daga nan a koya masa cewa jarabar tana tasowa ne ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta idan aka jure mata na ɗan lokaci. Hazon Abu Zaidu ke nan. A shirya masa amsar da zai ba abokin da ya miƙo masa, ya maimaita ta har ta zauna a bakinsa, a sauya masa hanyar komawa gida da majalisar da yake zama. Rumbun Abu Zaidu ke nan. A cike masa lokacin da ya saba sha da wani abu, ko makarantar dare ko ƙwallo ko zama cikin iyali, domin kaɗaici da zaman banza da malamin ya yi gargaɗi a kansu. Mafi muhimmanci, a gaya masa tun da wuri cewa idan ya zame sau ɗaya ba shi ke nan ya lalace ba. Tunanin tunda na karya bari in ƙarasa ya fi ƙwaya ɗayar da ya sha haɗari. Ɗan kasuwar da ya yi asara ranar Talata ba ya cinna wa shagonsa wuta, yakan buɗe ranar Laraba.

Wajibi ne in ja kunne a nan. Wanda jikinsa ya riga ya saba da tiramol ko kodin ko ƙwayoyin sa barci, kada a ce ya yanke rana ɗaya a ɗaki ba tare da likita ba, domin yana iya shiga mawuyacin hali, wani har da farfaɗiya. Irin wannan sai a kai shi asibitin Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shi ma Abu Zaidu ya ce abin da tushensa yake jiki, a nemi maganinsa a jiki. Gyaran tunani yana tafiya ne tare da magani, kuma shi ne yake riƙe mutum bayan an sallame shi.

Me muka saba yi a maimakon haka? Mu yi duka, mu yi kora, ko mu kai gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, daga nan aka bi irin waɗannan gidaje a Daura da Kano da wasu garuruwa. Ba na zargin iyayen da suka kai 'ya'yansu, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma mari ƙafa yake riƙewa, ba ya shiga inda tunanin yake. Ranar da aka kwance yaro ya koma unguwa da tunaninsa na da, ga kuma sabon ƙullin abin da aka yi masa, me muke tsammani?

Za a ce ina likitocin? Gaskiya ne, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Amma wasu sun nuna mana mafita. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. A Pakistan ma'aikatan lafiya mata na karkara sun yi wa masu juna biyu irin wannan jinya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi tsarin a 2015. Mu ma muna da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Saboda haka ina kira ga shugabannin Kasuwar Singa da na Kwari da na Sabon Gari, waɗanda Allah Ya hore wa, kuma aka san su da gina masallatai da ciyarwa da azumi, da su ware ɗaki guda a cikin kasuwa, su ɗauki nauyin ma'aikacin da ya ƙware a wannan fanni, yadda ɗan dako zai shiga ba tare da ya rasa aikin yini ba, kuma ba tare da an yi masa tambarin hauka ba. Ina kira ga Jami'ar Bayero da ta sa a fassara babi takwas ɗin nan zuwa Hausa, a kuma shirya wa limamai da malaman Islamiyya da 'yan Hisba gajeren horo tare da likitoci, domin su ne mutanen da ake fara kai wa kuka. Su san abin da za su iya da baki, su kuma san lokacin da za su ce a tafi asibiti. Ga iyaye kuwa, mai nasihar da Abu Zaidu ya siffanta shi ne wanda mai ciwo ya amince da ƙaunarsa. Uban da ya fara da tsinuwa ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Ɗan malamin yara daga wani ƙauye a Khurasan, wanda ya ƙi waziranci ya zaɓi alƙalami, ya bar mana abin da ya fi dirhamin da ya ƙi karɓa. Kada wani ya ce mana wannan ilimin Nasara ne, kayanmu ne da muka bari a sito har muka manta da shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya ta jiki da ta rai, Ya kuma ba mu haƙurin zama da su har su warke. Amin.